Lofe Bakwai da Rana Ta Cinye

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Hajiya da yara. Yaya jikinka, yaya zaman Ikko? Ni ƙafar sai godiya.

Wata uku ke nan ina gidan ɗana Umaru a unguwar Badariya, ana yi mini magani. Da zan baro Argungu na ƙunso curin yumɓun bakin gulbi, don na yi wa tsohon abokinmu Manu na Gulma alkawarin lofen shan taba. Nasa ya fashe. Kayan aikina duk suna rumfa a gida. Da ƙusa da bakin cokali na gina bakwai, na jera su ƙarƙashin gado, ka san sai inuwa ke busar da su.

Shekaranjiya ina asibiti matar Umaru ta yi shara, ta kwashe su ta shanya a tsakar gida. Kafin la'asar duk sun tsattsage. Ta ce, "Baba, ai sun hi saurin bushewa ga rana." Umaru ya yi dariya, ya ce, "To wa ka shan lofe yanzu?" Sana'ar da ta ciyar da shi ke nan.

Na tsince gutsattsarin na jiƙa a gwangwani, tunda ba su ga wuta ba. Ƙila su ba da biyu.

Ka gaishe da kowa. Ka sa ni a addu'a in gama ko guda ɗaya tun ni da Manu muna raye.

Yayanka,
Garba