Marken Iyakar Gonata da “Tsatsar Jiki”

Zuwa ga Farfesa, shugaban masu binciken ganyayyaki da suka zo ƙauyenmu a ƙasar Dawakin Tofa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, sunana Rabi, matar marigayi Malam Sani, ina koyar da matan aure a Islamiyya. Sau biyu ina aiko maka da takarda ba amsa, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

Na farko. A watan Sha'aban na bara ɗalibanka uku suka zo neman ganyen marke. Na kai su gindin wanda ke kusurwar gonata ta gabas, na dama musu fura, suka cika buhu. Suka auna kaurinsa da igiyar awo, suka ɗauki hotonsa, suka rubuta inda yake da wata na'ura. Ɗaya daga cikinsu, yarinya mai ladabi, ta bayyana mini cewa za su jiƙa ganyen su tace, su ɗiga a wani ruwa mai duhu a cikin kwalba. In ya washe ya koma rawaya, to ganyen na da sinadarin da suke kira finol. Na yi dariya, don abin da kuka raɗa wa finol mu bauri muke ce masa, kuma kakata ta san shi ba ta taɓa ganin kwalbarku ba.

Na biyu. Bayan ƙaramar salla na ji ka a rediyo da kunnena. Ka rasa Hausar kalmarku ta Turanci, sai ka ce marke yana maganin “tsatsar jiki”. Ba ka tsaya nan ba, ka faɗi sunan ƙauyenmu, ka ce na gonar wata bazawara ya fi duk wanda kuka gwada ƙarfi. Ranka ya daɗe, a shekarar da mutum ke duba kuɗin magani a kemis ya juya ya koma gida, me ka zaci za a yi? Mai hawan jini ya ce ciwonsa ne tsatsar, mai ciwon suga ya ce nasa ne, mai sanyin ƙashi ma haka. Ba ka gaya musu a kwalba kuka gwada ba a jikin mutum ba.

Na uku, kuma nan ne zafin. Mu nan in za a sassaƙi itace, ana ɗiba kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, a shafe wurin da ƙasa. Ba a zagaye shi. Baƙin da maganarka ta kwaso a kan babura ba su san wannan ba. Da ganye ya ƙare suka koma ɓawo, suka yi wa marken nawa zobe, suka tone saiwa. Kafin kaka itacen ya bushe, masu itacen girki suka ƙarasa shi har kututture.

Wannan marken shi ne iyakar gonata da ta maƙwabcina, Alhaji Uba, tun zamanin surukina. A nan gona ba ta da takarda, itace ne shaida. Yanzu Alhaji Uba ya ce ai dā marken yana can cikin gonata, ya shigo mini kunya bakwai. Kunya bakwai ba komai ba ce a wurin mai albashi, amma geron marayu huɗu ne. Dagaci ya ce in kawo shaida kafin saukar ruwan shuka, in ba haka ba magana ta mutu. Kai kuwa na ji an ƙara maka girma saboda wannan binciken. An ci moriyar ganga, an yada kwaurenta.

Ba roƙon kuɗi nake ba. Ka koma rediyon ka warware “tsatsar jiki” da bakinka, kafin a kashe sauran marken da ke ƙasar nan. Sannan ka aiko wa dagaci hoton nan da abin da na'urarku ta rubuta. Kun san wurin da itacen yake, har kun buga shi a takardunku don Turawa su karanta, ni da na kai ku gindinsa an ce ban san wurin ba.

Allah ya ƙara maka ilimi, ya haɗa maka da lura. Allah ya sa kada a tambaye ka hakkin marayun nan ranar da digiri ba ya ceto. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, Farfesa.

Wassalam.

Rabi, matar marigayi Malam Sani.