Mijina Ya Kwashe Mini Sito Don Ya Zauna Shiru

Anti, ki taimake ni kafin in zama abin dariya a layinmu. Mijina direban motar asibiti ne, shekararmu goma sha ɗaya da aure. Wata uku da suka wuce ya kwashe mini sito, bokitai da tsohon keken ɗinkina duk ya jibge su a baranda. Ya share, ya shimfiɗa tabarma. Kullum ya dawo aiki sai ya wanke fuska da hannu, ya shige ya ja ƙofa, minti ashirin cur. Na leƙa ta taga: ba waya, ba littafi, zaune kawai kamar an dasa shi. Wai yana sauke abin da ya kwaso ne. Ƙaton mutum! Ni da nake fama da yara huɗu tun asuba, wa ya ba ni ɗakin saukewa?

Makon jiya na mayar da kayana, na sa kwaɗo. Yanzu a ƙofar gida yake zama kan babur ɗinsa, maƙwabta har sun fara cewa na hana shi shiga. Shekaranjiya kuma ya daka wa autarmu tsawa don ta taɓa masa riga, abin da ya daina tuntuni. Yarinyar ta ƙi cin abinci. Anti, ya zan yi ya bar wannan shirme?

Matar Direba

Matar Direba, sannu da ƙoƙari. Kin ceto bokitai, Allah ya ba ki lada.

Kin taɓa tambayarsa me yake ɗauka a bayan motar nan? Mutumin da ya wuni yana gudu da masu jini da masu naƙuda, wasu su cika kafin ya taka birki, ya nemi minti ashirin don kada ya shigo muku da wannan cikin falo, ke kuma kika ga keken da ya yi tsatsa ya fi cancantar ɗaki. Wanke fuskar nan da jan ƙofar su ne iyakar da ya shata tsakanin titi da 'ya'yansa. Kin goge iyakar, autarki ta sha tsawar.

Shi ma ba wankakke ba ne. Kwashe kayan mace ba shawara raini ne, zaman babur kuma gaba ce irin ta yara. Gajiyarki gaskiya ce, amma maganinta ba ki hana shi hutu ba ne, ki karɓi naki.

Cire kwaɗon yau. Ki ce ya kafa miki kanta a baranda. Idan ya fito daga zamansa, ya riƙe yaran, ke ki shiga ki ja ƙofa. Kada ki ɗauki waya. Kwana bakwai kawai, ki gani ko shirme ne.

Allah ya sanyaya muku gida, ya tsare shi a hanya.