Na Fi Kowa Shiri, Shi Ya Sa Ba Mai Leƙo Ni

Doña Providencia, don Allah ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan gaya wa maganar nan bai yi min dariya ba.

Gidana yana kan tudu a wajen Maricao, cikin gonakin kofi. Tun da babbar guguwar nan ta yaye mana rufi ta bar unguwa ba ruwa ba wuta, mijina Anacleto ya rantse ba zai ƙara bin layin ruwa ba. Ya zuba rufin kankare, ya kafa tankuna, ya sa sola, ya cika ɗaki guda da shinkafa da wake da abincin gwangwani. Kowace taga ya yi mata marufin ƙarfe wanda ko ni mai ciwon kafaɗa nake ja da hannu ɗaya. Ya gama shirinsa tsaf, sai Allah ya ɗauke shi da rani, ko ganye ba ya motsi.

Kin san yadda muke yi a nan. Da zarar rediyo ta ce guguwa ta doso, mazan unguwa sai su bi gida-gida da guduma da katako suna toshe tagogi, matar gidan kuma ta ciyar da su. Bara da aka yi gargaɗi, tun da safe na yanka kaza, na ɗora romon nan namu da muke kira sancocho, da doya da gwaza da agada, na dafa kofi. Ina jin bugun gudumarsu yana matsowa daga gida zuwa gida. Da suka iso ƙofata ko tsayawa ba su yi ba. Maƙwabcina Don Fermín ya ɗaga min hula yana dariya, wai, "Uwargida, ke ai ko gwamna bai kai ki shiri ba! In duniya ta tashi gidanki za mu gudo." Duniya ba ta tashi ba, su ma ba su zo ba. Ni da kare muka yi ta shan romon nan har ya gundure mu.

Ba wai ba sa ƙaunata ba ne. A coci kowa na gaishe ni. Amma a nan sai da dalili ake shiga gidan mutum, aron tsani ko roƙon ruwa, ni kuwa ba abin da na rasa. Su ma kunyar tambayata suke ji, wai kada a ce sun dami matar mamaci. Wani lokaci na wuni ban yi magana da kowa ba sai kaji. Kaɗaici ya ishe ni, Doña.

'Yata Yarelis da ke birnin Orlando, can tsallaken teku, ta matsa min in sayar da gidan in koma wurinta kafin lokacin guguwa ya kama. Cewa take, "Mami, gadin me kike yi, gwangwani?" Na ce zan ba ta amsa a watan nan. Ba na son barin gumin Anacleto. Har na fara tunanin in kwance marufin taga ɗaya in jefa a kwari, ko a samu dalilin tsayawa a ƙofata. Na haukace ne?

Mai Tagogin Ƙarfe

*

'Yar'uwata, ba ki haukace ba, amma ki bar marufin nan inda yake. Guguwa ba ta san wasa ba, kuma Don Fermín zai gano aikin hannu ne.

Yarelis tana da gaskiyarta. Sola ba ta ɗaga wanda ya faɗi a banɗaki, kuma tsoro ne yake sa ta yi miki tsiya. Sai dai ki tambaye ta ƙarfe nawa take fita aiki, ƙarfe nawa take dawowa, don a can ma ana wuni da bango, babu ko kaji. Ki nemi ta ba ki wannan daminar, ku sake magana bayanta.

Maƙwabtanki sun yi kuskure, sun ɗauka katako kaɗai ake kai wa mutum. Amma ke ma kin tsaya a ƙofa da tukunya a kan wuta, ba ki ce su shigo ba. Zumunci a ƙafa yake. Ki je wurin Don Fermín tun sama tana garau, ki ce masa bana a gidanki masu guduma za su ci abinci in sun gama zagaye. Ki kuma nemi tsofaffi biyu ko uku masu rufin kwano, ki gaya musu ɗakinsu yana nan duk ranar da aka yi gargaɗi. Ki faɗa musu kai tsaye cewa ke ce kike bukatarsu, don shi ne zai cire musu kunya.

Anacleto ya tanadi komai, mutane kaɗai ne ba sa zama a gwangwani. Wannan shirin naki ne. Allah ya tsare ku, ya sa bana romon ya kasa isa.

Doña Providencia