Aron Mako Biyu

Da sunan Allah. Ni Zulai'atu Bashiru, Innarku, nake rubuta wannan a Yelwa da hannuna, hankalina garau. Ƙafafu ne suka ƙi, kai kam lafiya lau. Faruk da Sa'adiyya, ku zauna tabarma ɗaya ku karanta.

1. Gida da gonar shinkafa ta Shanga a raba yadda shari'a ta ce.

2. Kaset ɗin nan na akwatin ƙarfe a kai su laburaren jami'ar da na yi wa aiki shekara talatin da biyu. Muryoyin tsofaffin Gungawa ne, waɗanda ruwan Kainji ya cinye tsibiransu. A kwalekwale na bi su gari gari, ina amai, masunta na yi mini dariya. Faruk, na ji ka ce tarkace ne. In ɗakin da suke ciki ya faɗo rabonka yi shagonka, amma sai kaset sun fita. Sa'adiyya, ki bar gaba da yayanki a kan ɗaki. Haba, ya isa!

3. Wannan shi ke hana ni sukuni. A ƙarƙashin kaset akwai littafin ajami mai bangon fata. Malam Audu na Wara ya rubuta shi kafin ruwa ya taso: sunayen mamatan tsibirinsu da inda kowa ke kwance. Mako biyu ya ara mini, a 1994. Na ga ɗakinsa na yoyo, ga gara, sai na ce ya fi tsira a hannuna. Na manna wa littafin lamba irin ta laburare, na yi masa kati, kamar nawa. Sau biyu malam ya zo har ofis, na ce ana aiki a kai. Ya rasu bai sake ganinsa ba.

Ni da nake hana ɗalibi takardar kammalawa saboda littafi ɗaya da bai mayar ba! Wallahi ina jin kunya.

'Yarsa Rahila na nan a Wara, idonta ya fara tafiya. Sunan mahaifiyarta na shafi na tara. Kada ku jira sadakar uku. Ku je ku biyu a mota ɗaya, ku ɓare lambata, ku damƙa mata, ku roƙa mini gafara.

Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci zuriyarku. Ku riƙe juna, kada a sake jin kanku. In Rahila ta tambayi abin da ya tsare ni, kada ku kare ni. Ku ce aron mako biyu ne, Innarku ta makara.