Zoben da Illo ya gani a idona

Muttaƙa maɗinki, mijin jikata, shi ke riƙe da alƙalami, ni ke magana. Malam mai ba da shawara, ka taimake ni, dariya nake amma da gaske nake.

Ni tsohuwa ce a Yekuwa, man gyaɗa nake yi tun kafin a kafa kantunan Nasara a Magariya. Mijina ya daɗe da rasuwa. To bana wani farin zobe ya kewaye baƙin idona, duka biyun. Ni ban ma sani ba, sai Illo mai jakuna, wanda ke kai mini mai kasuwa, ya tsaya yana kallona har jakinsa ya shige gonar mutane. Wai an sa wa idona azurfa. Ni! Da haƙorana da suka rage ba su cika hannu ba! Muttaƙa, bar dariya, rubuta. Illo ma ba shi da mata, ga shi ya aiko da goro, ya ce bayan kakar gyaɗa a ɗaura. Ran nan tuwo na ƙona. Har madubin jikata na ara.

Sai na raka maƙwabciyata wurin lokotoro, wato likita, a Magariya, ya leƙa idona, ya ce kitse ne ya taru. Kitse! Azurfar tawa! Bai ƙara kome ba, kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya aiko kiransa.

Ai ni na san yadda ake fid da mai. A zuba wa tunkuza ruwan zafi, a murza, sai ya tsattsafo. Haka nake wa idon kullum safe, in ɗiga ruwan zafi in danna da yatsa. Hawaye ke fita, mai ko ɗigo, ido ya yi jawur. Tsorona kada in makance a gidan bawan Allah, ya zama ja-gora. In gaya masa, ko in mayar da goron? Na ma ci rabi. Kai, na gaji.



Amsa:

Iya, barka da goro. Amma tun yau ki raba idonki da ruwan zafi da yatsa. Ido ba tunkuza ba ne, murzar nan ita ce abin da zai iya cutar da ke.

Na tambayi wani likita. Ya ce gaskiya kitse ne, jini ke ajiye shi a gefen baƙin ido in shekaru sun ja. Ba ya fita, ba ya kuma taɓa gani. Wadda ke rufe ido ita ce yana, a tsakiya take fitowa. In kin fara ganin hazo, ko jan bai wuce ba, ki koma wurin lokotoro. Ki kuma rage man shanu da ɗanɗanen mai a bakin tukunya.

Tsoronki na kada ki zame masa nauyi tsoron mutuniyar kirki ne, shi ma yana da haƙƙin ya sani. Ki gaya masa, da rana, a fili. Kina faɗa kina duba nasa idon da kyau. Mutumin da ya kai shekarun Illo, da wuya a ce bai zo da nasa zoben ba.

Ki cinye sauran goron. Allah ya kai mu kakar gyaɗa, ya sa albarka.