Ɗige-ɗige a Ƙirjin Arzika

6 ga Mayu, 1996

Zuwa ga matata Rebeka, uwar Murna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da Murna. Yaya ƙafar Inna Cima, ta fara takawa? Yaya zafin Tama? Mu nan asibiti lafiya lau, sai zafi, sai kewarku. Idona ma ya yi sauƙi. Kwallin da kika bar mini a ɗan tandu ya kashe ƙaiƙayin. Kullum da safe nakan sa, amma a ɓoye, don kin san bakin Jonatan abokin aikina.

Ba zan ɓoye miki ba. Ƙanenki Arzika ya zo daga wurin aikin duwatsu na Keita da tarin nan nasa. Ni na ɗauke shi hoton ƙirji, ni na wanke fim ɗin. Da lokotoro, likitanmu, ya ɗaga shi a fitila, sai ga ɗige-ɗige farare ƙanana, kamar an watsa gero, a saman huhun dama. Gwajin kaki bai nuna komai ba, amma lokotoro ya ce akwai irin tarin fuka mai ɓoyewa. Nufinsa a kwantar da Arzika ɗakin masu tari, ya yi watanni kan magani da allura. Kin san abin da hakan yake nufi: damina za ta zo ta wuce, ba mai shuka gonar Inna. Kada ki faɗa mata tukuna.

Akwai kuma wani abu. An turo mana wata mata daga Yamai, Madam Hamdiya, wai ta ba mu horo kan kula da ingancin hoton radiyo: injin, kaset da muke sa fim ciki, ruwan wanki, ɗakin duhu, duka. Ban ce abin banza ba ne. Amma wa ya kira ta? Shekaru nake wannan aiki, ba a taɓa turo kowa ya duba hannuna ba, sai bana da Jonatan ya dawo daga kos a Yamai. Ranar da ta iso sun gaisa kamar waɗanda suka saba. Na tambaye shi, ya ce sau ɗaya ya taɓa ganinta. Mai yiwuwa gaskiya ne. Na dai rubuta a kayena, littafin aikina, yadda na gani.

Abin da ya fi damuna shi ne kallonta. In ina magana ba ta duban fim, ba ta duban hannuna, fuskata take kafa wa ido, kamar tana neman wani abu. Ba ta yi wa Jonatan haka. Ko kuwa ni ne nake ƙara wa abin gishiri? Kin san halina.

Ta ga hoton Arzika, ta roƙi lokotoro ya dakata da kwantar da shi har ta gama dubanta. Ban san dalili ba, ba ta kuma faɗa ba. Arzika yana gidanmu. Ya ware kwanonsa da modarsa da kansa, ban sa shi ba.

Ki gaida Inna, ki shafa mini kan Murna.

Mijinki,
Ɗanladi

13 ga Mayu, 1996

Zuwa ga uwar Murna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikin Inna? Na ji daga direban da ya kawo saƙonki cewa Murna ta yi zazzaɓi ta warke. Mun gode wa Ubangiji. Yajin ya iso, na gode.

Horon yana tafiya. Ba zan yi mata ƙarya ba, matar ta san aikinta. Ta sa mana ma'aunin zafi cikin ruwan wanki. Ta aza makulli a kan fim a ɗakin duhu, ta bar shi ƙarƙashin jar fitila, don a gani ko fitilar tana ɓata fim. Ba ta ɓatawa. Ta gwada ko hasken da muke saita majinyaci da shi ya yi daidai da inda injin yake bugawa. Ta kawo kwali ta ce duk kilishe ɗin da ya lalace, wato fim ɗin hoto, a jefa ciki, kada a yar. Arzika ya ji muna ta cewa kilishe, kilishe, ya ce shi tunda ya zo asibitin nan yana jin ana zancen kilishi, ko tsinke bai gani ba. Ya yi dariya har tarin ya taso masa.

Sannan ta manna wa kowane kaset lamba ta darma, yadda lambar za ta fito jikin hoto. Jonatan ya ce abu ne mai kyau. Ni na ce a raina, yau an fara yi wa kaset lamba, gobe sai a yi wa mutum.

Ranar Alhamis ta jera hotuna uku a fitila: na Arzika, na wata mata daga Tabotaki, da na wani tsoho daga Bouza. Rebeka, ɗige-ɗigen iri ɗaya ne, a wuri ɗaya, har da guda biyu da suka manne a gefe. Ta ce mutum uku ba su yin ciwo ɗaya a gurbi ɗaya kamar an buga hatimi. Dukansu da babban kaset na ƙirji aka ɗauka. Dukansu aikina ne. Ta juyo ta sake yi mini kallon nan. Jonatan ya sunkuyar da kai, ban sani ba ko kunya yake ji mini, ko dariya yake ɓoyewa.

Ga inda na tsaya. In hoton gaskiya ne, ƙanenki yana da tarin fuka. In ƙarya ne, hannuna ne ya yi ƙaryar. A sujadar safe fasto ya ce kowa ya kawo buƙatarsa, na rasa wadda zan roƙa. Daga baya na roƙa wa Arzika lafiya, amma na ji kunyar jinkirin da na yi.

Sai dai ban yarda hannuna ne ba. Ba na taɓa fim da jiƙaƙƙen hannu. Ba na barin kaset a buɗe. Na bi kayena shafi shafi, ban ga inda na sauya wani abu ba. Makullin ɗakin duhu biyu ne, ɗaya wurina, ɗaya wurin Jonatan. In mutum yana son kujerar wani, me zai hana shi barbaɗa wani abu cikin kaset kafin baƙuwa ta iso? Jiya na bar wani zare a bakin ƙofar kafin in tafi cin abinci. Na dawo na tarar ya faɗi. Amma iska ma tana kada zare. Sau biyu na nufi ofishin lokotoro in faɗa masa zatona, sau biyu na juyo daga bakin ƙofa.

Madam ta ce ba za ta buɗe kaset ɗin ba sai ranar Litinin mai zuwa, a gabanmu duka. Ta kulle shi a kabad ɗinta. Me ya sa sai a gaban mutane?

Ki ci gaba da yi mana addu'a. Gaisuwa ga duk mutanen gida.

Naki,
Ɗanladi

21 ga Mayu, 1996

Zuwa ga Rebeka,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Inna da Murna. Ina fata kun ga hadarin da muka gani shekaranjiya ta wajen gabas. Wannan takarda Arzika ne zai kawo miki da hannunsa, don haka kin riga kin san rabin labarin. Ga sauran.

Jiya Litinin Madam ba ta kira lokotoro ba, ba ta kira kowa ba sai ni da Jonatan. Ta kunna farar fitila a ɗakin duhu, ta fito da kaset ɗin daga kabad, ta ce in nuna mata duk abin da nake yi da safe, daga shigowa har ɗora fim. Na yi komai a tsanake. Na goge tebur, na buɗe kaset, na nuna yadda nake zaro fim, na rufe. Ta ce, "Malam Ɗanladi, ka tsallake abu ɗaya. Ranar da na iso na gan ka ka shiga ɗakin ga da ido fari, ka fito da ido baƙi."

Na miƙa hannu bayan kwalin hodar wanki, a kan kantar da ke saman tebur, na ɗauko tandunki. A nan nake sa kwallin, Rebeka, cikin duhu, a tsaye daidai kan kaset, bayan na buɗe shi yana jiran fim. Na zaɓi wurin don nan ne kaɗai Jonatan ba zai gan ni ba.

Ta ɗauki farar auduga ta shafa cikin kaset ɗin. Audugar ta fito da baƙin gari mai ƙyalli. Ta ce duk abin da ya zauna a nan yana tare haske, ya fito fari a hoto, balle kwalli, da yake dutse ne mai darma, ɗan'uwan rigar da muke sawa don kare jiki daga injin. Ta ce tun farko ta yi zato, amma aikinta gwaji ne, ba zato ba, shi ya sa ta bi fitila da ruwa da injin ɗaya bayan ɗaya kafin ta zo kaina. Ashe duk kallon nan, idona take kallo.

Jonatan ya ce shi ya daɗe da ganin kwallin, ya ɗauka tunda uwar Murna ta yi tafiya ne na fara kwalliya. Ya yi dariyarsa, sannan ya ɗebo ruwa ya taya ni wanke kaset ɗin duka. Na tsaya kusa da shi ina gogewa, ina tuna zaren da na sa a ƙofa.

Da rana muka sake ɗaukar Arzika. Ni na ɗauka, Jonatan ya wanke, na ce shi ya wanke. Huhu fes, ba ɗigo ko ɗaya. Lokotoro ya ce ƙurar duwatsu ce ta tsokane masa ƙirji, ya ba shi magani na ƴan kwanaki, ya ce ya riƙa ɗaure hanci a wurin aiki. Arzika ya dube ni ya ce, "Wato yaya, kwallin ɗiyar gidanmu ne ya so ya hana mu shuka bana." Da dare ya maida hannunsa cikin kwanona.

Tsohon Bouza ba a fara masa magani ba, an aika masa. Matar Tabotaki kuwa ta riga ta tafi da ƙwayoyi, tana sha. Na roƙi lokotoro izini, ranar kasuwarsu zan je da kaina in nemo ta a sake ɗaukarta. Ban san da wace fuska zan gaida mijinta ba, amma zan je.

Madam ta rubuta rahotonta. Ta ce abin da ta sa shi ne an sami datti a kaset, an wanke, an kafa dokar duba shi kowane mako. Ban ga takardar da idona ba. Har yanzu kuma ban san wanda ya kira ta ba. Na lura dai yau na wuni ban tambayi kaina ba sai yanzu da nake rubuta miki.

Abin da na rubuta miki kan Jonatan, in kin faɗa wa wani, ki gaya mini, in san ta inda zan fara. In ba ki faɗa ba, ki sa takardar a murhu.

Tandun yana aljihun Arzika. Kada ki ce ke kika jawo, ke magani kika ba ni, ni na zaɓa masa wuri. Idon ya koma ƙaiƙayi tun safe. Bari ya yi.

Ki ce wa Inna ta fitar da iri, mai shuka yana tafe.

Mijinki mai kewarki,
Ɗanladi