Mama Ta Ɓata a Matakala

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, domin abin da ke damuna ko yayata ina jin nauyin faɗa mata. Ni ma'aikaciya ce a ofishin kati na wani asibiti. Idan ka taɓa bin layi a gaban wata taga mai ƙarafa, ka miƙa katinka, wata mata ta karɓa ko kallonka ba ta yi ba ta shige cikin kantoci neman fayil, to ka yafe min, wataƙila ni ce. Daga takwas na safe zuwa huɗu magana ɗaya ce a bakina: "Ina zuwa." Mai goyo, ina zuwa. Tsohon da ya manta lambarsa, ina zuwa. Nas ta leƙo tana neman fayil ɗin da likita ya rufe a aljihun teburinsa, ita ma ina zuwa. Shayin da na haɗa da safe sai azahar nake tunawa da shi, wata rana ma har da fil na tsinta a ciki.

A hawa na uku muke zaune, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara huɗu. Shi malamin makaranta ne, yana riga ni tashi daga aiki, shi yake ɗauko ta daga makarantarsu. Wata biyu ke nan, ran nan ina hawa bene ƙafata ta ƙi, sai na zauna a matakala tsakanin hawa na biyu da na uku, na cire takalmi. Akwai wata 'yar taga a wurin, ba abin da ake gani ta cikinta sai tankin ruwan maƙwabta. Ban yi kuka ba, ban taɓa waya ba, ban yi tunanin komai ba. Minti goma. Malam, rabona da jin daɗi irin na wannan minti goma har na manta. Washegari na sake, yanzu ya zama kullum.

Abin da ban sani ba shi ne yarinyar tana tsayawa a tagar falo tana ganin shigowata gidan. Da ta ga shiru sai ta je ta gaya wa babanta wai Mama ta ɓata a matakala. Ranar Talatar da ta wuce ya sauko nemana. Ina buɗe ido na gan shi tsaye a kaina yana kallon ƙafafuna ba takalmi. Da gaskiya na faɗa da an wuce wurin, amma sai na ji bakina ya ce waya nake jira daga wurin aiki, alhali wayar tana can ƙasan jaka. Ya ɗauki jakar ya hau. Tun ranar yake min wani irin ladabi kamar baƙuwa, sannu da zuwa sai ya yi sau uku. Da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi. Tsorona kada ya ɗauka gidan nake gudu, ko kuma shi.

Amma jiya ne abin ya fi ƙarfina. Ina yanka albasa na hango yarinyar tana wasa da 'yar tsanarta. Ta zaunar da ita a kujera, ta ɗaga mata yatsa, ta ce "Ina zuwa" da muryata sak, ta tafi. Har muka gama cin abinci ba ta koma ta kanta ba. Sai a lokacin na lura ta daina kawo min zanen da take yi a makaranta, babanta take kai wa. Albasar ce ta rufa min asiri.

Shin muguwar uwa ce ni? In daina zaman matakalar ne? Idan na daina kuma, da fuskar tagar ofis zan riƙa shiga musu gida, ita ma ba abin kallo ba ce.

Mai Kati

Ƙanwata Mai Kati,

Na yafe miki, duk da cewa na taɓa tsayawa a gaban irin tagarki har na kusa gama littafin da na je da shi.

Na karanta littattafai masu kauri a kan gajiya, irin waɗanda ake sa musu hoton mutum zaune a bakin teku ya lumshe ido. Abin da suka ɓata shafi ɗari uku suna faɗa, ƙafarki ta gano shi a matakala ba tare da tabarau ba: mutum yana buƙatar ɗan fili tsakanin inda ake nemansa da inda za a sake nemansa. Saboda haka kada ki daina. Ni tawa matakalar mota ce. Nakan kashe ta a ƙofar gida in zauna kamar ina sauraron labarai. Matata ta san rediyon ya mutu tun bara, ta dai ƙyale ni da mutuncina.

Hutun halal ɗinki ne, kuskurenki shi ne kin ɗauke shi a ɓoye, da aka kama ki kuma kika jingina shi ga waya. Ki duba lamarin ta wajen malamin nan. Ya sauko bene cikin fargaba, ya sami matarsa a ƙasa ba takalmi, aka sallame shi da ƙaryar da ko ɗan aji ɗaya ba zai kawo masa ba. Mu maza idan ba mu san tambayar da za mu yi ba, sai mu ƙara yawan sannu. Mutumin da ya ɗauki jakarki ya hau da ita bai yanke miki hukunci ba, jira yake ki buɗe taga. Yau ɗin nan ki ce masa kin yi ƙarya ranar Talata, gajiya ce ta zaunar da ke, kuma za ki ci gaba da zama minti goma don ki shigo musu a matsayin mutum. Kada ki yi mamaki idan ya nemi a sam masa matakala ta gaba, shi ma da yara arba'in ya wuni.

Batun yarinyar ya fi nauyi. A duk maganganunmu "ina zuwa" ce muke faɗa muna juya wa mutum baya. Manya sun san fassararta, ita kuwa ta ɗauke ta alkawari, ta jira, ta gaji, ta koya wa 'yar tsana. Ba ta san minti goma ba, amma ta san abin da ta gani. Ki ɗaga mata hannu tun daga ƙasa, babanta ya gaya mata Mama tana cire gajiya a matakala, yanzu za ta hau. Idan kin shiga, kada ki nufi kicin. Ki durƙusa daidai tsayinta ki ce "Na zo," ki ba ta minti biyar da idonki duka biyu. Albasa ba ta fushi. Zanen kuma ki nema da bakinki, ki tambayi wane ne wannan mai ƙaton kai, ko da kin san ke ce.

A wurin aiki kada ki tara gajiyar wuni guda ki ce matakala ɗaya za ta ɗauke ta. Duk shigarki cikin kantoci, inda ba mai ganinki, ki sauke kafaɗunki daga wajen kunnuwa, ki ja numfashi uku a hankali kafin ki ɗaga fayil. Layin ba zai lura ba, na tsaya a cikinsa, na sani. Ki sha ruwa a zaune. Ki wanke fuska da ruwan sanyi da rana. Shayin nan ki sha shi da zafinsa, kafin a buɗe taga, ba fil. Idan kuma bayan 'yan makonni barci ya ƙi, ko gabanki yana yawan faɗuwa, ko hawaye yana zuwa ba albasa, to ki tuna a asibiti kike aiki. Kin buɗe wa dubban mutane kati, ki buɗe wa kanki ɗaya ki ga likita.

Muguwar uwa ba ta lura da abin da aka ce wa 'yar tsana. Ki ci gaba da sa ido a kan kujerar nan, ranar da kika ji an koma an ɗauki 'yar tsanar an ce mata "Na zo," kin gama da ni. Allah Ya ba ki lafiya da natsuwa, Ya raya yarinya. Ki gaishe min da malam, da tankin maƙwabta.